Ranar da Aka Gasa Mini Ganga a Lewisham

Yayan matata ya gasa mini ganguna. Ba habaici nake yi ba. Ya ɗauke su ya jera a bakin wutar gawayi kamar tsire, ranar da zan fara kaɗa su a gaban jama'a, kuma har yau bai ce mini in yi haƙuri ba.

Ni aikina kwashe kaya. Ina da tsohuwar motar ɗaukar kaya, in wani ya rasu ko ya tashi daga gida sai a kira ni in kwashe tarkace. Boko ban yi mai nisa ba, a tsakiyar sakandare na tsaya. Shi ya sa a taron 'yan arewa na Landan, inda kowa dakta ne ko ɗan dakta, sunana "mai mota". Ba a tunawa da ni sai za a ɗauko kujeru.

A wani gida a Marylebone na samu gangunan. Wata tsohuwar Baturiya ce mijinta ya mutu, ta kai ni ɗakin ƙasa ta nuna mini su, ta ce tun kafin su yi aure yake kiɗa da su, in ina so in ɗauka, in ba na so in kai bola. Da na yaye bargon da aka rufe su da shi, na ɗauka wani abu ne ya faɗo musu. Babbar, wadda ake bugawa da ƙafa, ba a zagaye take ba. Kamar ƙwai take da ƙaton mutum ya zauna a kai, gefe ɗaya mai faɗi, ɗayan tsukakke, kowane gefe da abin takawarsa. Ƙananan kuwa sun lanƙwashe sun buɗe baki gaba kamar lasifikar masallaci. Duk an lulluɓe su da wata jar roba mai ƙyalli irin leshin biki. Tsohuwar ta ce haka aka ƙera su da gangan. Na ce a raina, ashe Turawa ma suna da ranakun rashin aikin yi.

Na kai su gareji a bayan fulat ɗinmu a Abbey Wood, na zauna na gwada. Gefen mai faɗi in ka taka, "dum" yake cewa, can ƙasa, kamar an jefo buhun masara daga bene ya sauka a kan katifa. Tsukakken kuma "tub", gajere, kamar tarin dattijo ana tsakiyar huɗuba. Masu bakin lasifikar su ne munafukai. Kai da kake zaune a bayansu ƙwas-ƙwas kawai kake ji, amma wanda ke tsaye a gaba sai ya dafe ƙirji. Na gane haka ne ranar da matata ta buɗe ƙofar gareji da kofin shayi a hannu, na kai bugu, rabin shayin ya koma zaninta.

"Baban yara," ta ce, "a shekarunka?"

A shekaruna. Ba wanda ya koya mini. Maƙwabci ya kai ƙarata kansul, na cusa tsofaffin labulaye a jikin bango na ci gaba. Sannu a hankali hannu da ƙafa suka daina faɗa da juna, har na iya fitar da wani abu da kafaɗa za ta motsa a kai.

Da aka zo shirin taron bayan Babbar Sallah, mai kiɗan da ƙungiya ta yi booking ya fasa zuwa. Shugaba ya kira ni a kan maganar kujeru, ni kuma na ce masa ina da ganguna. Ya ce to, bayan an ci abinci. Tun da na zo ƙasar nan ba a taɓa ce mini in tsaya a gaba ba sai ranar.

A farfajiyar wani zauren taro aka yi a Lewisham, an kwana ana yayyafi. Yayan matata shi ke gashin nama. Mai gadin kanti ne, ƙarshen mako yana yin tsire, kuma babu taron da zai tashi bai faɗa wa mutane cewa kakansu makaɗi ne ba. Shi dai ban taɓa ganin ya bugi ko bokiti ba. Ina cikin haɗa kayana ya zo ya ƙwanƙwasa babbar da yatsa, ya kasa kunne.

"Wa ya taka ta?"

"Haka aka ƙera ta, Yaya."

"Sanyi ya kama ta. Ka ji muryarta ta mutu. A gidanmu ba a taɓa ganga da damina sai an kanga ta a wuta, fata ta ɗaure."

Na ce ba fata ba ce, roba ce. Amma da muryar da ake yi wa suruki magana na faɗa, ina kallon ƙasa, shi kuma ya riga ya juya yana yi wa wani bayanin kakansa. Daidai nan aka ce mini mai yanka tikitin tara yana zagaya motata. Na fita da gudu, kuma kafin in samu wurin ajiye ta sai da na kusa kaiwa Catford.

Tun daga bakin ƙofa na ji wari, na ɗauka wayar lantarki ce take ci. Na shigo na tarar da gangunana a kewaye da murhun gawayi. Yaya yana fifita wuta da kwali, yana jujjuya su ɗaya bayan ɗaya don kowane gefe ya samu. Jar robar ta tashi ta yi bororo kamar ƙuna. Fuskar babbar ta saki ta zubo kamar tumbi, da ɓula a tsakiya. Ɗaya daga cikin masu bakin lasifika ta sunkuyar da baki tana kallon ƙasa.

"Saura kaɗan," ya ce. "Taɓa ka ji ɗumi."

An riga an yi sanarwa, mutane sun juyo da kujeru. Na zauna. Na taka gefen mai faɗi, ya ce "fuf". Na taka tsukakken, ya ce "ɓat", irin ƙarar da in ta fito a cikin mutane kowa ke kallon na kusa da shi. Sandar hannuna ta manne a ƙaramar, na ja, ta taho da zare kamar cingam. Yaran da aka haifa a nan suka faɗi ƙasa don dariya, iyayensu suka ɗaga wayoyi. Da na tashi aka yi mini tafi sosai. Matar wani dakta ta ce ba ta san ina wasan barkwanci ba, baɗi ma a sa ni. Yaya kuwa yana can yana gaya wa mutane kayan Turawa ba su da ƙwari, gangar da ba ta jure wuta ba ganga ba ce.

A mota matata ta ce, "Yayana ne. Don Allah ka bar maganar." Na bar maganar, na haɗiye har sanyi ya shigo. Gangunan suna gareji, na mayar musu da bargo.

Wata Asabar na bi ta kasuwar Lewisham, ga Yaya a bakin murhunsa. Na gaishe shi yadda ya kamata. Ya miƙo mini tsinke ɗaya, yana cewa, "Mai mota, ina gangar nan? Kawo ta in sa mata fatar akuya, ka ji kiɗa na gaske."

Ban karɓi tsinken ba. Na ɗaga kai na kalle shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da na auri ƙanwarsa.

"Yaya, kakanku makaɗi ne, na yarda, Allah ya jiƙansa. Kai mai nama ne. Duk abin da aka ajiye kusa da kai gasa shi kake yi. Abu ɗaya na taɓa samu a garin nan da yake nawa, ka dafa shi, ka tsaya kana ba mutane labari. Zan ci gaba da gaishe ka saboda ƙanwarka. Amma in na zo gidanka, takalmina ma a hannu zan riƙe."