Hannayen Yaya Bawa a Baya

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Bawa makwancinsa a Manga, gefen gonar dawar mahaifinmu. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon soja a ɓangaren sadarwa. Da ya yi ritaya sai ya buɗe ɗan shagon buga takardu a cikin Zuru. Duk wanda ya san shi ya san filashin kwamfutar nan da yake ratayawa a wuya kamar laya.

A ciki akwai manhajar rubutu ta kyauta, irin wadda masana daga ƙasashe daban-daban suke haɗa hannu su gina, su bar ta a buɗe kowa ya ɗauka. Ya raba ta gida uku, ta Windows, ta Linux, ta Mac, don kowace kwamfuta da irin wadda take karɓa. Aikin gayya yake kiranta. Yakan ce wanda ya taso yana noman gayya a duwatsunmu bai kamata abin ya ba shi mamaki ba.

Sai dai yana da wani hali mai ban haushi: ba ya sa wa kowa manhajar a kwamfuta. Zai miƙa maka filashin, ya ja gefe, ya haɗa hannayensa a baya kamar yana fareti, kai ka danna da kanka. Ni ma ban tsira ba. Lokacin ina koyarwa a firamare, na fara rubuta waƙoƙin da Innarmu take rerawa da yarenmu na C'lela, na niƙa da na raino da na coci. Na kai masa kwamfutata, sau uku ina buɗe gidan da ba nata ba tana ƙi. Na ce, "Yaya, don Allah taɓa mini, minti biyu ne a wurinka." Ya ce, "Ke Ladi, duba mi injin naki ke ci tukuna. Ran da ba ni nan, wa za ki kira?" Na sa ta dai, amma kwana biyu ban gaishe shi ba.

Bara kwamfutar ta mutu. Inna ta riga ta tafi, Yaya ya bi ta, waƙoƙin nan ba su saura a bakin kowa ba, sai kwafin da ya matsa mini na ajiye a filashi. 'Yata ta aiko mini da wata kwamfutar, ba irin tawa ba ce sam. Na danna fayil ɗin waƙoƙin, ya ƙi buɗewa. Na ɗauko filashin Yaya da matarsa ta ba ni, sai na tarar manhajar cikinsa ta tsufa, sabon injin bai san ta ba.

Sai tambayarsa ta dawo mini. Na duba abin da injin ke ci, na shiga intanet na nemo sabuwar da ta dace da shi, na sa da hannuna. Waƙar niƙa ce ta fara bayyana, ba harafin da ya ɓace. Na yi kuka, na gode wa Allah, na gode wa sojan nan mai taurin kai. Ashe gaskiya ne, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Da yana nan yau, da ya girgiza kai ganin yadda muke miƙa wayoyinmu a shago a sa mana komai, mu karɓa ba mu san me aka zuba ba. Amma na san zai ji daɗi cewa 'yan gayyar nan da bai taɓa gani ba har yanzu ba su ajiye fartanya ba.

Shagon Yaya ya zama na tela, filashin kuma ba ya da sauran aiki. Amma watan jiya maƙwabciyata Mama Nkechi, mai shagon kayan masarufi, ta kawo kwamfutarta tana son rubuta tsarin taron matan cocinsu. Na nuna mata inda za ta samo manhajar. Ta danna, ta ƙi, ta sake dannawa, ta juyo ta ce, "Malama, taɓa mini mana!"

Na so in miƙa hannu, sai na ji hannayena duka biyun suna baya.