Huluna Uku a Akwatin Inna

Madogarata a wannan labari uku ce: abin da na gani da idona a Madarunfa ranar Asabar da ta wuce, abin da ƙanwar kakata ta faɗa mini, da ɗan abin da na karanta a jami'a game da adana tsohuwar fata. Shekarar da aka ƙera hulunan da zan ambata ban san ta ba, kuma ba zan ƙiyasta ba.

Mun tashi da asuba daga Maraɗi, ni da wani dattijon baduku, mai sana'ar ɗinkin fata, wanda na roƙa ya raka ni. Motar ta cika da 'yan kasuwa masu nufin Ɗan Issa, har aka ɗora mini buhun wake a cinya ba tare da an nemi izinina ba. A gonakin Safo an gama yankan gero, amalanken jakai na kwasar dammunan geron suna tare rabin hanya. Da muka sauka muka karya da ƙosai na dala ashirin da soyayyen kifin tafki, sannan muka nufi gidan ƙanwar kakar tawa.

Inna, kamar yadda kowa ke kiranta, ta gaji hulunan kwano uku na soja. Ɗaya ta mahaifinta ce, wanda ya yi soja a zamanin Faransa. Biyun na abokan tafiyarsa ne da suka bar masa ajiya. Ta aiko mini ne domin fatar cikinsu ta fara tsagewa.

"Maigidana ya iso," in ji ta, irin wasan kaka da jika. "Shekara huɗu kana boko, ga shi ko tsaraba ba ka riƙo mini ba."

Ta buɗe akwatin ƙarfe, ta fara miƙo wadda ta ce ita ce ta mahaifinta. Fatar ta yi baƙi ƙirin, tana danƙo, tana tsamin wari. Ta bayyana mana cewa kowace shekara, bayan babbar Salla, takan shafe ta da man shanu kamar yadda ake yi wa guga da takalmi, domin mahaifinta ya yi mata wasiyya kada ta bar fatar ta ji ƙishirwa. Sauran biyun ba ta taɓa shafa musu komai ba, tunda ba nata ba ne. Sun bushe, sun tsattsage, suna zubar da jan gari idan an taɓa.

Na ce a ilimin da na koya, mai ba ya gyara fatar da ta kai wannan hali. Ruɓewa yake yi a cikinta, ya jawo ƙwari, ya cinye duk rubutun da ke kanta. Na zaci badukun zai musa mini. Sai ya murza gefen ɗaya daga busassun da yatsa, ya shinshina, ya ce, "Hajiya, wannan ta daina shan mai. Lallaɓa ta kawai za a yi."

Haka muka yi. Muka share ƙura da burushi mai laushi, muka cusa wankakken farin ƙyalle a ciki domin fatar ta sami abin jingina, muka hana ɗaukar hula ta igiyar haɓa. Na roƙi a fitar da su daga akwatin da ke gasa su a ƙarƙashin rufin kwano, a sa su a kan katako nesa da bango saboda gara.

A wajen sharar ne na ga rubutu. A fatar ɗaya daga busassun akwai suna da tawada, ya dushe amma yana karantuwa, da sunan gari a ƙasansa. Sunan mahaifin Inna ne. Na sake dubawa a hasken rana har sau uku. A wadda take shafawa kuwa, in ma an taɓa rubuta wani abu, mai ya shafe shi.

Dole in yi adalci: sunan ya yi yawa a wannan ƙasa, kuma ban san sunayen abokan nan biyu ba. Amma mai yiwuwa ne shekarun nan duka hular wani take yi wa hidima. Inna ba ta karanta boko. Ta ga na ƙura wa fatar ido, ta tambaya, "Me ka gani, maigida?" Na ce rubutu ne, sai na bincika. Ta ce to, ta ƙara da cewa man shanun bana ma ta riga ta tanade shi.

Mun koma Maraɗi bayan la'asar. Badukun ya yi barci a mota, ni kuwa ina ta duba hoton rubutun a wayata. Tafiyar ta koya mini cewa hular da aka ƙyale ita ce ta tsira da shaidarta. Idan na gaya wa Inna, na san wasiyya za ta cika, ta shafe sunan da mai da hannunta. Idan na yi shiru, na bar tsohuwa tana hidimar da wataƙila ba ta mahaifinta ba ce. Babbar Salla ba za ta jira ni ba. Shin in gaya mata?