Baba Ya Zaɓi Tsohon Anime

Jama'a, musun nan da muke ta yi kan tsohon anime da sabo, yau Babanmu ya raba gardama.

Jiya ya ƙwace wayata saboda na makara zuwa gona. Har cewa ya yi zai sayar da ita a Bici ya sayi taki. Ɗazu ina dawowa daga ban ruwa sai na tarar da shi a gindin ɗorawa, shi da Kawu Sale, sun haɗa kai a kan wayar. Ashe tsohon nan suke kallo, na mutanen ƙauye masu noman shinkafa!

Baba ya ce, "Dubi yadda suke dashe a layi suna ja da baya. Waɗannan manoma ne."

Kawu ya ce, "Kuma ban ga buhun taki ko ɗaya ba."

Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, akwai sabon da ake yayi yanzu."

Ya ce, "Mun gani. Ƙarti sai ihu da tsalle, babu mai riƙe fartanya."

Sai ya miƙo min wayar ya ce, "Kai ta caji. Ba za a sayar ba sai mun ga girbinsu."