Harsashi mai waya da tsohon maharbi

Mijina soja ne. Saja ake ce masa a Tsiga, har mahaifiyarsa ma haka take kiransa, ni kuwa maigida nake cewa. Yana cikin masu motar sulke, irin mai ƙafafun roba da bindiga a ka. Ban bi shi bariki ba. Ina gida wurin surukata muna fama da auduga da dawa, shi kuma ya zo idan an ba shi hutu.

Kafin yaƙin basasa aka tura shi kwas Ingila. Ya dawo ana tsakiyar cirar auduga. Jirgin ƙasa ya sauke shi a Funtuwa, motar 'yan kasuwa ta ƙaraso da shi, kafin la'asar ƙofar gidanmu ta cika da masu son jin labarin ƙasar Turawa. Ni ina bayan zana da ƙwaryar fura, ina jin komai.

Cikin waɗanda suka zo akwai wani tsoho Bamaguje da gonarsa ke iyaka da tamu. Abokin marigayi surukina ne, tare suka yi ta gayya tun suna samari, duk gidanmu Baba muke ce masa. Maharbi ne na kwari da baka. Shi bai damu da sanyin Ingila ko abincinsu ba. Ya ce, "Ɗana, da me suke harbi?"

Maigida ya ce, "Baba, sun nuna mana wani harsashi na fasa tankar yaƙi. Tsawonsa ya kai hannuna, yana da gajerun fukafukai. Wani irin, sojan ƙasa ne ke ɗaukarsa a akwati, wani irin kuma a kan mota ake ɗora shi. In ya tashi, waya yake warwarewa a bayansa, siririya kamar zaren ɗinki, ɗaya bakin yana wurinka. Akwai ɗan sanda da kake turawa da babban yatsa. Ka tura dama ya yi dama, ka tura hagu ya yi hagu."

Tsohon ya girgiza kai. "Tun ina yaro nake harbi, ban taɓa ganin kibiyar da ta bar baka ta sake jin maganar mai ita ba. In wayar ta maƙale a ƙaya fa?"

"Sai ta tsinke, harsashin ya faɗi inda ya ga dama."

Baba ya yi ta dariya yana bugun cinya, kamar shi ya ci gardamar. Maigida ya ce ba tsinkewar ce abin tsoro ba. Akwai wuta a wutsiyar harsashin, dole idonka ya tsaya a kanta har ya isa, ba ka motsi, alhali na cikin tankar sun ga hayaƙinka suna neman ka. Ya ce shi dai a na'urar koyo kawai ya gwada, sojanmu ba su saya ba. Yanzu ina jin rediyo na cewa makami mai linzami. A lokacin ba mu san wannan suna ba, harsashi mai waya muke cewa.

Sai yaƙi ya zo. Motarsu ta taka nakiya a wata hanya cikin kurmi, waɗanda ke tare da shi suka rasu, shi aka jawo shi da rai. Bayan ya daɗe a asibiti aka sallame shi daga soja tun yaƙin bai ƙare ba. Mutumin da aka kawo mana ya ƙone daga kafaɗar hagu zuwa wuyan hannu, kunnensa ɗaya ya toshe. Wannan duk da sauƙi. Magana ce ya daina. In an gaishe shi ya ɗaga kai, in an ba shi tuwo ya ci kaɗan ya ture. Yakan wuni a gindin tsamiyar bayan gida yana kallon ƙasa. Surukata ta nemi rubutu wurin malamai ya sha, ƙannensa suka kai shi asibitin Malumfashi aka duba ciwon, aka ce yana warkewa. Ni kuwa in na shiga ɗaki na yi kuka na wanke fuska na fito.

Wata safiya, gab da faɗuwar damina, sai ga Baba da bakansa da wata kibiya da ya ɗaura wa dogon zare a gindi. Bai yi wa maigida sannu da jiki ba. Ya tsaya a kansa ya ɗaga murya saitin kunnen mai ji.

"Ɗana, ƙarya ka yi mini. Duk rani ina gwada abin nan naka, bai yi ba."

Maigida ya ci gaba da kallon ƙasa. Tsohon ya juya wajen gona, ya ja baka ya saki. Kibiyar ta tashi, zaren ya harɗe a kututturen dawa, ta dawo ta faɗi kusa da ƙafarsa. Ya yi tsaki, ya naɗe zarensa ya tafi. Washegari ya dawo da zare mafi kauri. Bayan nan ya zo da wanda ya shafa wa man kaɗanya. Surukata ta fara jin haushi, ta ce tsufa ya kama Baba, yaro na fama da kansa shi yana masa wasa. Har ni na so in roƙe shi ya bari.

Ran nan ina daka sai na ji tsohon yana ta fizgar zaren yana yi wa kibiyar faɗa, "Yi dama mana! Yi dama!" Sai wata murya ta ce, "Ba haka ba ne, Baba. Wayar ba jan sa take yi ba. Saƙo take kai masa."

Taɓarya ta suɓuce mini. Muryar ta dushe, amma ta maigida ce.

Tsohon ya ce, "Saƙo kamar yaya?"

"Kamar wayar tangaraho ta tashar jirgi. Akwai abin da ke cikin harsashin da ke karɓa, shi ke juya shi."

"To zo ka zana mini a ƙasa, ni ban gane ba."

Ya tashi ya zana. Sun kai azahar a wurin. Na leƙa na ga surukata tsaye a bakin rumbu ta toshe baki da gefen zane.

Daga nan Baba ya riƙa zuwa da tambayoyi, wasu ma ya riga ya san amsarsu. Da ruwa ya sauka ya ce bayansa na ciwo, maigida ya zo ya riƙe masa ƙwaryar iri ko da hannu ɗaya ne. A gonar nan maigida ya gaya masa abin da ya faru a cikin motar da yadda abokansa suka rasu. Ni sai bayan shekaru ya iya gaya mini, kuma ban ji haushi ba. Kafin kaka ya koma yin sallah a masallaci da mutane, ya fara yi mini faɗa a kan gishirin miya.

Na taɓa tare Baba a hanyar rafi na durƙusa na ce, "Baba, da gaske ka zaci kibiyar za ta yi dama?"

Ya ce, "'Yata, kin gan ni kamar yaro? Tashi, tulunki zai zube."

Na yi masa godiya, ya ce shi ba ya son surutu. Da aka girbe dawa maigida ya loda wa jaki dami ya kai masa, Baba ya maido, ya ce rumbunsa cike yake. In dai ana son ba shi wani abu, a ba shi babbar kwat ɗin nan ta soja mai manyan maɓallai. Maigida ya ba shi. Ta yi masa yawa, hannuwanta sun rufe masa yatsu, amma da ita yake cin kasuwar Bakori, ko ana zafi, har ƙarfinsa ya ƙare ya daina fita.