Ranar da Aka Hana Inna Sauka a Bakin Rafi

Inna ungozoma ce, ni kuma ƙaramar ma'aikaciyar lafiya. Mu biyu ne mata a motar da ke kai mu awon ciki ƙauyukan Gwarzo da Kabo. Ba uwata ba ce, haka kowa ke kiranta. Mace ce mai jiki, ga tsoron ruwa, ko kududdufi ta gani sai ta kama salati. Amma akwai ta da tafiya. Inda mota ta gaza, sai ta ɗora jaka a ka ta ƙarasa a ƙafa.

Motar a-kori-kura ce mai jan tayoyi huɗu, wai don shiga daji aka ƙera ta. Da tana sabuwa akwai igiyar jan mota, da shebur, da katakan sa wa a ƙarƙashin taya, da ƙarfen riƙewa a baya. Sai aka shiga tsuke bakin aljihu. Abin da ya lalace ba a sakewa, wanda bai lalace ba ya yi ƙafa. Shebur ɗin da idona na gan shi a wurin ginin wani babba na ofishinmu. Ƙarfen baya aka cire za a kai walda, har yau ana waldar. Tayoyi kuwa sun suɗe kamar tafin hannu.

Abu ɗaya ya rage, don shi ba saye ake yi ba. In aka zo rafi da damina, kowa sai ya sauka. Direba ya shiga da sanda ya auna zurfin, sannan ya ƙetare da motar shi kaɗai, mu kuma mu tattare zani mu bi a ƙafa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a na yi murna kamar kowa, har guɗa na yi. Ban san wasu da ita za su nemi suna a ofis ba. Aka kawo mana sabon shugaban tafiya. Aikinsa na farko shi ne korar mu daga gaba, inda bel ɗin kujera yake, zuwa baya kan akwatin magani. Ya hakimce a wurin, bel ɗin ma ba ya ɗaurawa, wai yana yamutsa masa riga.

Wata safiya muka nufi wajen Dugabau bayan an kwana ana ruwa. Muka tarar da rafi ya kawo, jawur, yana gudu. Manoma sun taru a bakinsa, masu taimakon turi in mota ta kafe. Na miƙe zan sauka, sai shugaban ya ɗaga hannu.

"Mata su zauna a sama. Ba za a tattare zani ana nuna ƙwauri a gaban maza ba."

"Malam, ai ƙa'ida ce kowa ya sauka," na ce.

"Ke yarinya, ki iya bakinki."

Na dubi direba, ya sunkuyar da kai yana goge madubi. Na san aikinsa yake ji wa tsoro, amma shirun nan har yanzu yana yi mini ciwo. Raina ya ɓaci, na diro ƙasa.

"Inna, don girman Allah ki sauko."

"'Yar nan, da girmana a ce na buɗe jiki a gaban mutane? Bari kawai, Allah zai kiyaye."

Shi kuwa shugaban ya sauka abinsa, ya cire takalmi, ya naɗe wando har gwiwa.

Direba ya shiga da motar, Inna na sama. A tsakiyar rafin tayar baya ta faɗa inda ruwa ya cinye yashi. Direba ya taka, tayoyin suka yi ta juyawa a banza, motar ta karkace. Inna ta miƙa hannu, babu abin kamawa. Ta faɗo, akwatin magani ya biyo ta a gadon baya. Na faɗa rafin, ni na tallafe kanta kada ta sha ruwa, manoman suka kama muka fito da ita tudu. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ba na jin ƙafafuna."

Daga asibitin Gwarzo aka wuce da ita Kano, aka ce ƙashin baya ne. Shugaban ya zo dubiya da lemo, ya ce haka Allah ya ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma na ga wanda ya ɗaga hannu. Ofis ya zauna ya yanke shawara cewa mata su daina fita ƙauye da damina. Ko igiya ba a saya ba.

Inna ba ta sake takawa ba. 'Ya'yanta mata suna aure nesa, surukarta kuma ba ta iya ɗaga ta. Wani yammaci na je gaishe ta, na tarar ɗanta, magidanci da gemunsa, ya ciccibo ta zai kai ta bayan gida. Ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye na bi ta ƙasansa, tana ce masa, "Rufe idonka, ɗan nan. Don Allah rufe idonka."