Durƙuson da Ya Kusa Raba Ni da Matata

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta da ranar da ladabi ya kusa kashe mini aure.

Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ƙasar Daura ba, ni na fara buɗe wurin buga waya a ƙauyenmu, can wajen Baure. Matsalar ɗaya ce: duk garin babu sabis sai a kan soron gidanmu, a kusurwar gabas, shi ma sai kana tsaye cak. Ran kasuwa dillalan shanu kan yi layi a gindin tsani don jin farashin Legas. 'Yan Hisba kuma sun gindaya mini sharaɗi, duk mai hawa sai ya yi shelar "Za a hau sama!" don matan maƙwabta su kimtsa.

A lokacin matata tana gidansu a cikin Daura, ta je wankan haihuwar fari. Arba'in ta wuce tuni, amma shiru. Surukina, wani malami mai zafi, ya ce bai ga abin da zan ciyar da ita ba, wai mai sayar da iska ba shi da sana'a. Ni kuwa kewar matata da ɗana ta hana ni sukuni.

Wata ranar kasuwa sai wayar da nake ratayewa a kan sanda a kusurwar ta yi ƙara, na haye soro da sauri. Ina ɗagawa na ji, "Salamu alaikum." Muryar Malam ce! Ya ari wayar maƙwabcinsa don mu yi maganar komawarta. Kafin in yi wani tunani gwiwoyina sun kai ƙasa, domin tun da nake ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Na ce, "Allah ya gafarta Mal..." Ɗif! Sabis ya ɗauke.

Na miƙe, ya sake kira, na sake zubewa, ta sake katsewa. Wallahi na fi kowa sanin halin kusurwar nan, ni nake koya wa mutane yadda za su tsaya, amma jikina ya ƙi jin magana. Da ya kuma kira sai ya ce, "Kai, yaro, ni kake kashe wa waya?" Jin faɗa ya sa na durƙusa in ba da haƙuri. Dillalai a ƙasa har da masu riƙe ciki. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Miƙe mana, ai ba ya ganinka!"

Bai sake kira ba. Na hau babur sai Daura. Na same shi a zaure na yi bayani, ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Au, bayan rashin kunya har da ƙarya? To, zan zo in gani da idona. In na tarar ba haka ba ne, ka nemi wata matar."

Washegari kuwa sai ga shi. Ya tattare babbar riga, ya yi shelar hawa da muryar da ta fi ta ladan, ya haye. Ya ce in kira masa malaminsa na Kano, dattijon da ya karantar da shi tun yana yaro. Na haɗa su, na koma gefe ina ta addu'a a zuci. Ana yin sallama daga can, sai na ga surukina ya tuɓe takalmi, ya zube a ƙasa. "Allah ya gafarta Mal..." Ɗif!

Ya daɗe a durƙushe yana kallon wayar. Na cije leɓe har sai da na ji ɗanɗanon jini, don na san dariya ɗaya za ta mayar da ni gwauro. Can ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Gobe ka zo ka ɗauki iyalinka. Kuma ka gina dakali mai tudu a nan, yadda ko an durƙusa a kansa sabis ba zai ɗauke ba, mutane su riƙa gaida manyansu kamar 'ya'yan kirki."

Na gina kuwa, har ciniki ya ƙaru, don masu surukai daga ƙauyukan kewaye wurina suke zuwa.

Abin da na koya shi ne, kada ka yanke wa mutum hukunci da abin da kunnenka kaɗai ya ji. Wanda kake zaton ya kashe maka waya, wataƙila yana can a durƙushe yana gaishe ka.