Dandamalin Ni'imatullahi a Zauro

Ni'imatullahi ɗiyar Malam Kalilu ce, manomin shinkafa a Zauro, kuma tun tana goye ta san gulbi ba abokin wasa ba ne. Duk shekarar da gulbin Rima ya cika ya batse, sai su kwashi tabarmi da tukwane su koma tudu, in sun dawo su tarar ɗakinsu ya narke ya zama caɓi. Yaran fadama kan iya iyo kafin su iya alwala, ita kuwa har ta girma ba ta yarda ruwa ya wuce mata gwiwa. Tsoron nan ne ya kai ta karatun zanen gine-gine a Birnin Kebbi, inda take zaune wurin gwaggonta a Badariya.

Da aka ce kowane ɗalibi ya rubuto abin da zai yi bincike a kai, 'yan ajinsu suka bazama intanet suna kwaso gidajen gilashi, irin waɗanda in ka gina a Kebbi, da bazara sai a tsamo ka dafaffe. Ita kuwa ta rubuta a kan gini mai ɗorewa da kayan gida: ɗakin laka da azara, bisa dandamalin dutse da ya fi ƙarfin ambaliya. Don ta san tsayin dandamalin, ta je masallacin unguwarsu inda ruwan bara ya bar shata a bango, ta ja tef ɗin awo daga ƙasa zuwa shatar, ta ƙara kaɗan don rigakafi.

Malam Kalilu bai san takardar makaranta gwaji ce ba. Yana ganin zanen ya sayar da barcinsa, da rani ya gina ɗakin da hannunsa, ya sa matarsa Inna Balaraba a ciki. Daga nan abokan hirarsa na majalisa suka shiga uku, kullum labarin ɗiyarsa injiniya da ɗakin da ruwa ba ya ci.

Ranar semina, da za ta gabatar da takardarta gaban malamai, ta faɗo tsakiyar damina. Da safe Inna ta bugo waya ta ce ruwa ya shanye gonaki, maƙwabta sun fara kwashe kaya, amma Baba ya ce su ba inda za su. Ni'imatullahi ta shiga zauren semina. Ta karanta takardarta har ta kai ƙarshe lafiya. Sai Malam Ikrima, wani malami da ba ya barin ɗalibi ya sauka bai tambaye shi ko da abu ɗaya ba, ya gyara tabarau.

"Awon ga naki, daga ina kinka hwara shi?"

"Daga ƙasa, Malam."

"Ƙasar ina?"

Shi tambaya kawai ya yi. Ita kuwa nan take ta gane kuskurenta. Duk ɗan Zauro ya san cewa da ruwa ya janye, mazan unguwa kan yi gayya su kawo yashi a amalanke su cike harabar masallaci. Shekara da shekaru ana ciko, har masallacin ya zama tudu, gidansu kuwa yana can gangare. Ta auna ruwa a inda ya fi ko'ina rashin zurfi. Laka kuma in ruwa ya taɓa gindinta, ba ta sallama kafin ta zauna.

"Malam, awon ba daidai ba na," ta ce. Ta bar takardun a tebur ta fice, ana kiranta ba ta waiga ba. Ta san shekarar karatu ce ta bari a teburin nan.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ta daga babur inda hanya ta ƙare. Sauran tafiyar cikin ruwa ta yi ta, ja wur, mai sanyi, yana jan zanenta. Da ya wuce gwiwa sai da ta yi salati da ƙarfi, amma ba ta tsaya ba.

Ta tarar da Baba zaune bisa dandamali yana jan carbi, ruwa na lasar matakala ta ƙarshe. Inna na ƙofar ɗaki, ta yi tagumi.

"Baba, ku tashi mu tahi. Na yi kuskure. Ɗakin ga ba shi kwana."

Ya dube ta. Ta ga kunya ta rufe fuskarsa, ta gane majalisa yake tunawa.

"Ɗauki innarki ku tahi," ya ce a hankali. "Ni na hwaɗa ma mutane ba ni tashi."

Ta roƙe shi, ta haɗa shi da Allah, ya kau da kai. Sai ta hau dandamalin, ta zauna kusa da shi, ta saki ƙafafunta cikin ruwan. 

"Ke mi kike yi?"

"Ni na zana shi, Baba. In kana nan, ina nan."

Malam Kalilu ya dubi ƙafafun, ya dubi bango, inda damshi ya fara hawa. Ya sa carbi a aljihu, ya miƙe.

"Balaraba, miƙo tabarmi," ya ce. "Ke kuma kama hannuna, na san ba ki iya ruwa ba."